Cutar Mantuwa a Adar: Nauyin da Ake Kira na Dangi, Amma Mace Ɗaya ke Ɗauke da Shi

Duk lokacin da aka ta da zancen tsofaffin da hankalinsu ya fara ruɗewa, amsar da aka fi bayarwa a Tawa ita ce wannan ba damuwarmu ba ce, tunda mu ba ma kai iyayenmu gidan ajiye tsofaffi kamar yadda ake yi a Turai. A ɗakinsu suke tsufa, a hannun 'ya'yansu suke cikawa. Akwai gaskiya a cikin maganar, kuma abin a gode wa Allah ne. Amma wanda ya shiga gidajen da ake jinyar irin waɗannan tsofaffi, ya zauna daga hantsi har dare, zai ga cewa abin da muke kira dangi yakan tsaya ne a kan mutum ɗaya, kuma kusan kullum mace ce: ko matar tsohon, wadda ita ma ƙarfinta ya ja baya, ko 'yarsa da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗansa, ko wata jika 'yar shekara 12 da aka ce ta ɗan dakata da zuwa makaranta. Sauran dangi suna zuwa gaisuwa, suna aiko da kuɗi, suna yin addu'a, amma wankin zanen da fitsari ya ɓata da kwana a zaune, nata ne ita kaɗai.

Kafin a shiga maganar taimako, dole a raba tsufa da ciwo, domin a nan ne kuskuren farko yake faruwa. Tsoho mai lafiya yakan manta inda ya ajiye carbinsa, an jima ya tuna. Yakan kira jika da sunan wani jikan, ya gyara da kansa. Wanda ya kamu da cutar mantuwa kuwa, wadda mutane ke kira gigin tsufa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ne ke mutuwa a hankali, don haka abin ba ya tsayawa ga mantuwa kawai. Lissafin kuɗi yakan kuɓuce masa, ya ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara 40 yana bi, ya rikita raka'o'in salla, halinsa ya sauya, daga baya ya daina gane matarsa, a ƙarshe ko haɗiyar abinci ta gagare shi. Ciwon yakan ɗauki shekaru, kuma kowace shekara ta fi wadda ta gabace ta nauyi. Ba iri ɗaya ba ne. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, nau'in Alzheimer ne, wanda ya ci sunan likitan Jamus Alois Alzheimer, mutumin da ya yi bayaninsa a 1906 bayan ya binciki ƙwaƙwalwar wata mata da aka kawo masa tana da shekara 51. Wani nau'in kuma yana zuwa ne daga lalacewar jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, sau da yawa bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma shi ya kamata ya fi tayar mana da hankali, ganin yawan dattawan da ke rayuwa da hawan jini ba tare da an taɓa ɗaura musu ma'auni a hannu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da cutar a faɗin duniya, ana samun sabbin kamu kusan miliyan 10 kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na masu ita suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Wani rahoto da ƙungiyar Alzheimer ta duniya ta fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara masu cutar sun ɗan haura miliyan 2 a 2015, kuma za su wuce miliyan 7 nan da 2050. A Nijar abin yana ɓoyuwa cikin yawan yara: kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Sai dai ƙaramin kaso na jama'ar da ta wuce miliyan 25 dubban ɗaruruwan mutane ne, kuma tsawon ran da ake sa ran ɗan Nijar zai yi, wanda bai kai shekara 40 ba a 1960, yanzu ya haura 60. Akwai wasu alƙaluma biyu na hukumar da suka fi sauran dacewa da zancenmu. Na farko, a cikin dalar Amurka tiriliyan 1.3 da cutar ta ci wa duniya a 2019, kusan rabi ƙimar aikin da iyalai ke yi ne ba tare da an biya su ba, wanda a matsakaici yakan kai awa 5 kowace rana. Na biyu, kashi 70 cikin 100 na waɗannan awoyi mata ne ke yin su.

A Adar wannan nauyi yana da wani fasali nasa, saboda tafiya bida. Daga Keita, Buza, Illela da ƙauyukan da ke kewaye da Tawa, da an gama girbi maza majiya ƙarfi sukan kama hanyar Abijan, Najeriya, Libiya ko Aljeriya, wasu su dawo da damina, wasu su shekara biyu ko uku ba a ga ƙeyarsu ba. Kuɗin da suke aikowa su ne ke riƙe da gidaje da yawa, kuma ba wanda zai raina su. Amma tsoho mai gigin tsufa ba hatsi kawai yake buƙata ba. Yana buƙatar wanda zai tayar da shi, ya kai shi bayan gida, ya yi masa wanka. Idan tsohon namiji ne, kuma wadda ta rage a gidan matar ɗansa ce, sai kunyar da ke tsakanin suruki da suruka ta zama wata jinyar ta daban, domin mutumin da ba ta iya ambaton sunansa, ba ta iya haɗa ido da shi, yau ita ce za ta sauya masa wando. Wasu sukan jure su yi, wasu kuma su bar shi cikin ƙazanta har wani ɗan'uwa namiji ya leƙo, ba don rashin tausayi ba, sai don ba wanda ya zauna ya raba aikin tun farko.

Akwai kuma wata ɓarna da nisa ke jawowa wadda ba a cika faɗa ba. Mai wannan ciwo yakan ɓoye abu ya manta, sannan ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, kuma wanda ya fi kusa da shi yakan zarga. Tsohuwa ta ƙulle 'yan kuɗinta a bakin zane, ta tura ƙarƙashin katifa, da safe ta ce matar ɗanta ta sace. Ta ci tuwo ta wanke hannu, bayan rabin awa ta shaida wa maƙwabciya cewa tun jiya ba a ba ta ko fura ba. Da dare ɗanta ya kira daga Abijan, aka kara mata waya a kunne, ta yi masa magana tiryan-tiryan da muryar da ya sani tun yana yaro, domin a farkon ciwon gajeriyar hira ba ta nuna komai, ta ce masa ana horar da ita da yunwa. Wane ɗa ne zai ji haka daga bakin uwarsa ya yi barci? Washegari saƙon murya mai zafi ya iso ta WhatsApp, matar da ta kwana tana tsaron ƙofa ta wayi gari ita ce azzaluma. Aure yakan mutu a kan irin wannan, alhali da an yi wa mijin bayani sau ɗaya cewa zargin sata da ƙorafin yunwa suna cikin alamomin ciwon da aka sani a ko'ina a duniya, da godiya zai yi mata.

Yadda jama'a ke fassara abin shi ke nuna inda za a kai majinyacin. Masu cewa tsufa ne kawai ba sa kai shi ko'ina. Masu ganin iskoki ne ko sammu sukan zagaya da shi wurin masu magani har akuyoyin gidan su ƙare. Mafi muni shi ne idan tsohuwa marar gata ta fara yawon dare, tana surutai, tana kiran sunayen matattu, aka soma raɗe-raɗin maita. Sansanin Gambaga a arewacin Gana da cibiyar Delwende a Wagadugu, inda tsofaffin matan da aka kora daga garuruwansu bisa wannan zargi ke samun mafaka, sun isa su nuna inda irin wannan raɗa ke iya kaiwa. Ita ma fassarar farko, duk da sauƙinta, tana da nata hatsarin, domin ba duk ruɗewar tsoho ce cutar mantuwa ba. Idan dattijo yana lafiya jiya, yau ya wayi gari bai san inda yake ba, wannan ba gigin tsufa ba ne, alama ce ta wani ciwo da ke neman magani cikin gaggawa: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, faɗuwar sukari, ko ƙarancin ruwa a jiki, wanda ke yawaita a bazarar Tawa lokacin da zafi ke haura digiri 40, tsofaffi kuma ba sa jin ƙishirwa kamar matasa. Haka ciwon damuwa mai tsanani, da ƙarancin bitamin B12, da jinin da ya taru cikin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, duk suna iya kama da cutar mantuwa, kuma duk ana maganinsu. Saboda haka amfanin zuwa asibiti ba a samu sunan ciwo ba ne kawai, a tabbatar ba a bar abin da ke warkewa ya kashe mutum ba.

Idan an tabbatar cutar mantuwa ce, gaskiyar da ya kamata a faɗa wa iyali ita ce har yau ba a samo mata maganin warkarwa ba. Akwai ƙwayoyi irin su donepezil da memantine da ke ɗan sassauta alamomi na wani lokaci ga wasu majinyata. Sabuwar allurar lecanemab, wadda Amurka ta amince da ita a 2023, tana rage saurin ciwon ne kaɗan a farkonsa, ana ƙara ta ta jijiya duk mako biyu tare da hoton ƙwaƙwalwa akai-akai, kuma kuɗin da aka sa mata a 2023 dalar Amurka 26,500 ne a shekara, wajen miliyan 16 na CFA ke nan a lokacin. Ba maganarmu ba ce a yanzu. Abin da ya fi kusa da mu, kuma ya fi ba ni tsoro, shi ne maganin barcin da ake saye a tiren masu talla don a samu tsoho ya kwanta. Ina fahimtar wadda ta yi mako ba ta runtsa ba idan ta miƙa hannu ga irin wannan ƙwaya, amma magunguna irin su diazepam suna ƙara ruɗewa, suna jawo faɗuwa da karaya, magungunan taɓin hankali masu ƙarfi kuma an tabbatar suna ƙara hatsarin shanyewar jiki da mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwo, shi ya sa ba a ba da su sai da likita kuma na ɗan lokaci.

Tunda haka ne, jinyar kanta ita ce maganin, kuma jinya abu ne da ake koya. Wadda aka koya wa ba ta gardama da majinyaci. Idan uwar mijinta ta ce ba ta ci abinci ba, ba za ta ce, "Haba Inna, yanzu fa kika gama," ta jawo rigima ba; za ta ce, "To Inna, bari in dama miki kunu," ta kawo ɗan kaɗan a ƙaramin kofi. Idan la'asar ta yi sanyi, tsohuwa ta ɗaure kayanta ta ce za ta tafi gida wurin babanta, wanda ya rasu shekara 50 da suka wuce, ba a sanar da ita mutuwarsa, domin kowace sanarwa sabuwar ta'aziyya ce a gare ta; a ce mata, "Inna, bari rana ta ƙara faɗuwa, zo ki tsince mini wannan wake," a ba hannunta aikin da ya saba da shi. A bar fitila a kunne da dare, a ɗauke wuƙa da ashana da maganin ƙwari, a rufe rijiya, a riƙa miƙa ruwa ba sai an tambaya ba. Ba a ɗaure shi, ba a kulle shi shi kaɗai, domin tsoro ne ke haifar da yawancin faɗan da ake ɗaure shi dominsa.

Wannan ba zato ba ne. A jihar Goa ta Indiya an gwada horar da mutanen gari waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba, suna ziyartar gidajen masu cutar na tsawon wata 6 suna koyar da masu jinya, kuma sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna damuwar masu jinyar ta ragu a fili. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP, wanda aka tsara domin ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti ya iya gane cututtukan ƙwaƙwalwa, har da wannan, ba sai ƙwararre ba; daga baya ta fitar da iSupport, darussan koyar da masu jinya yadda za su kula da majinyaci da kuma kansu. Wannan ya dace da halinmu, domin ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa, tafiyar da kan ƙara dagula tsoho mai ruɗewa. Amma majo na CSI, wato shugaban ƙaramin asibitin gari, yana kusa, 'yan sa-kan kiwon lafiya da ke bi gida-gida saboda yara da masu ciki su ma suna shiga waɗannan gidajen, suna wuce tsohuwar a ƙofar ɗakinta. Darussan a rubuce ba za su kai ga yawancin masu jinyarmu ba, tunda da yawansu ba su yi boko ba. Hanyarsu ita ce gidajen rediyon karkara da saƙon murya, cikin Hausa da Tamajak da Fulatanci.

Abin da mai jinya ta fi buƙata daga jama'a, a ganina, lokaci ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba inda maganar ta fi zama daidai kamar nan, domin kuɗin da aka turo ta waya ba sa tsaron tsoho na awa uku don matar gida ta yi barci ko ta je kasuwa. Taron dangi guda ɗaya, wanda za a yi da 'yan bida a kan waya, zai iya yanke abubuwa a fili: wace ƙanwa ce ke karɓar ranar Juma'a, wane jika namiji ne ke yi wa kaka wanka, wa ke kwana da shi daren Lahadi, nawa ne daga cikin kuɗin da ake aikowa za a ware a biya wata maƙwabciya ta riƙa zama da rana. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a yankin Maraɗi a 1991 suka bazu ko'ina, sun riga sun saba da haɗuwa duk mako da asusun taimakon juna na haihuwa da rashin lafiya. Ƙara karɓa-karɓar zaman jinya a kan wannan tsari ba sabon gini ba ne. Mai jinyar da ta zauna da wasu masu irin halinta, ta ji cewa ba uwar mijinta kaɗai ce ke zargin sata ba, takan koma gida da sauƙin zuciyar da ba a saye a kantin magani.

Maza ma suna da nasu fagen. Japan ta fara a 2005 tana ba talakawan gari, masu shaguna da direbobi da 'yan makaranta, darasin minti 90 kan yadda ake gane mai wannan ciwo a hanya da yadda ake yi masa magana, kuma waɗanda suka yi darasin sun haura miliyan 10. A Tawa masu ganin titi da tsakar dare sanannu ne: samarin fada da ke shan shayi a bakin hanya, 'yan kabu-kabu, masu gadi, da ladan. Idan iyali sun daina ɓoyewa, suka sanar da waɗannan cewa Baba yakan fita da ƙarfe biyu yana zaton asuba ce, to wanda ya gan shi zai gaishe shi da ladabi ya rako shi gida, maimakon a tsince shi da rana tsaka a bayan tasha ƙishirwa ta galabaitar da shi. Takarda mai lambar waya da aka ɗinke cikin aljihun rigarsa ba ta cin ko dala.

Malamai kuwa suna riƙe da abin da likita ba ya iya bayarwa. Alƙur'ani, a aya ta 70 ta Suratun Nahli da aya ta 5 ta Suratul Hajji, ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi raunin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma fiƙihu ya ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin salla da azumi. Huɗuba guda a kan wannan za ta hana a tilasta wa tsohuwa mai ruɗewa azumi cikin zafin bazara, ta kuma kashe zancen maita tun bai yi ƙarfi ba. Ina kuma fata masu wa'azi, idan sun karanto ayar Suratul Isra'i da ta hana a yi wa iyaye ko da tsaki, su juya ga 'ya'yan da ke nesa, kada su tsaya ga matar da ke kusa, wadda gajiya ta sa ta ɗaga murya sau ɗaya, take kwana tana kuka tana ganin ta halaka.

Akwai batun dukiya, wanda ake jin nauyin tayarwa har sai ya zama rigima. Mai gigin tsufa yana iya sayar da gona a kan kuɗin da ba su kai na taki ba, ko ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, kuma ba kullum bare ne ke cutarsa ba. Tun yana da sauran hankali ya kamata a zauna da shi gaban shaidu, ya faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya zaɓi wakilin da zai riƙe masa gona da dabbobi da kuɗin fansho idan yana da shi.

Ta fuskar hukuma, ƙasashen duniya sun amince a 2017 da wani shiri kan wannan cuta, wanda ya sa burin kashi 75 cikin 100 na ƙasashe su samar da horo da tallafi ga masu jinya, amma rahoton 2021 ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙasashe ke da ko da tsarin ƙasa a kanta. Nijar, wadda tun 2006 ta ba da fifiko ga kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki kyauta, tana da hujjarta, kuma ba wanda ke cewa a rage wa yara don a ba tsofaffi. Abin da ake nema bai kai haka tsada ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da, in an magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar, kuma a cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, raunin ji, raunin gani irin na yanar ido, bugun kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici, da ƙarancin karatu tun yarinta. Auna jinin duk wanda ya haura 40 da ya shigo CSI, da aikin yanar ido, da hular kwano ga masu babur, duk suna cikin abin da ake iya yi yanzu. Ƙarancin karatun kuma ya shafi jikar nan da ake cirewa daga aji don ta zauna da kaka: duk tsarin karɓa-karɓar da dangi za su yi, a fara da mayar da ita makaranta, a ba ta aikin yamma da na ranakun hutu kawai.